Amsa kan sandar walda da ke mannewa

Salam ɗan'uwa, ka ce sandarka tana mannewa a ƙarfe wuta ba ta kamawa. Yawanci wutar injin ce tayi ƙasa, in sanda mai kaurin milimita 2.5 ce ka sa wutar tsakanin amfiya (ma'aunin ƙarfin wuta) 70 zuwa 90, mai 3.2 kuma kai ta wajen 110 zuwa 120. Amma kafin ka taɓa injin duba wayar mas tukuna, wato wayar da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake wa walda, in ka maƙala ta kan fenti ko tsatsa wallahi wahala kawai zaka sha, goge wurin sosai har ƙarfen yayi fari sannan ka matse ta kusa da inda kake aiki. Nan Garwa da damina sanda tana shan danshi, ka riƙa ajiye ta cikin gwangwani mai murfi, wadda ta jiƙe kuma ka ɗumama ta kafin aiki.