Amsar Kawu kan ɗora aikin babbar riga a kayan mata

Ɗiyata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki sa almakashi. Kin ce kina so ki ɗora aikin aska takwas, wato zanen surfanin gaban babbar riga mai siffar asake, a gaban abaya, ki yi mata baki da turkudi, amma wasu a gida sun ce wasa ne da al'ada, tunda aikin babbar riga na maza ne. Wannan gardamar ta girme ki, shi ya sa zan fara miki da labarin wani gidan ɗinki na ƙasarmu Nijar.

Kin san sunan Alphadi. Sunansa na yanka Seidnaly Sidhamed, an haife shi a Tumbuktu a 1957, ya tashi a Nijar. Ya karanci harkar yawon buɗe ido a Faransa, ya dawo ya yi aikin gwamnati a Yamai, sannan ya ajiye ya rungumi ɗinki. A zamaninmu, ɗan boko ya bar ofis ya koma tela ba ƙaramin abin surutu ba ne. A 1985 ya baje kayansa na farko a Paris, kuma da kayan kasuwarmu ya gina sunansa: saƙar tera-tera ta ƙasar Tera, azurfar maƙeran Agadas, jimammiyar fatar dukawa, da surfani irin na Hausawa. Abin da 'yan birni suka fara yi wa kallon kayan ƙauye, shi ya ɗauka ya kai gaban duniya.

A 1998 ya shirya bikin nunin tufafi na FIMA karo na farko a sararin hamada, a Tigidit kusa da Agadas, shekara uku bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen arewa. Kai baƙi wurin a lokacin sai mai ƙarfin hali. Da aka maido bikin Yamai a 2000, ƙungiyoyin addini suka fito zanga-zanga, rikicin ya kai har Maraɗi. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma akwai shigar da ban yarda da ita ba a irin waɗannan tarurruka, kuma har gobe ina kan bakana. Sai dai ki lura, a kan tsiraici aka yi faɗan. Ban taɓa jin wanda ya yi fushi don an saya wa masaƙi zanensa da daraja ba. Daga baya, a 2016, hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta hanyar fasaha.

To, mu zo kan turkudinki. A nan masu yi miki faɗa ba su da hujja, domin kakanninki mata sun yafa shi, sun ɗaura shi a ka. Lokacin da nake fataucin tufafi na sha kwana a Kura ta ƙasar Kano. Da asuba kafin ki ga mabuga za ki ji su, guduma biyu suna amsa wa juna a kan gungumen itace. Ƙyallen sirara ne ƙwarai, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya, a tsoma a baba, a fitar, a sake tsomawa, sannan a barbaɗa garin shuni a yi ta bugu har sai ya ɗauki ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Idan na gama ƙirga kaya, tafin hannuna yakan yini shuɗi. Bahaushe ne ya rina, amma Buzu ne ya naɗa a kansa ya zama alamarsa a duniya. Ita kanta shaddar da ake yi wa aska takwas yau, mai tsadar cikinta irin Getzner daga Ostiriya take zuwa. Kin ga ke nan tufarmu ta daɗe tana tafiya tana karɓar baƙo.

Aska takwas kuwa sai an yi hattara. Rigar girma ce, ta sarakai da malamai da dattawa, wadda ake ba mutum ranar naɗi ko a bar wa ɗa gado. Da can sai mai zane ya fara fitar da asaken da tawada a kan ƙyalle, sannan mai allura ya zauna a zaure ya yi watanni yana cikawa, wani gidan zanen da zaren tsamiya, wato silikinmu na gargajiya. Ba haramun ba ne mace ta taɓa aikin. A birnin Zariya mata ne ke ɗinka da yawa daga cikin rigunan da maza ke taƙama da su. Amma shawarata, kada ki kwashe tsarin gaban rigar gaba ɗaya, da aljihunsa da wuyansa, ki manna a abaya. Wanda ya gani zai ce an yanka rigar uban wani. Ki ɗauki aska biyu, ko zagayen tambari shi kaɗai, ki sa a hannu ko a ƙafar rigar. Irin naɗi da alkyabbar da aka san na sarauta ne kuwa, ki bar wa masu shi.

Abin da ya fi damuna ba ki ma tambaye shi ba: wa zai yi miki aikin? Idan injin kwamfuta za ki kai ya buga miki kwafi cikin awa guda, to a nan ne za ki cuci al'adar da gaske, ko da kowa a gida ya yaba. Masu aikin hannun da na sani a unguwarmu sun tsufa, idanunsu sun yi rauni, 'ya'yansu sun kama kabu-kabu saboda allura ba ta ciyar da gida. Ki nemi irinsu, ki biya su kuɗin watanninsu ba tare da ja-in-ja ba, ki faɗa wa mai saye garin da aka yi aikin da sunan zanen.

Idan kin zo hutun Salla, ki taho da ƙyallen. Akwai wani dattijo abokina da har yanzu yake zane da hannu, zan kai ki zaurensa ki ji sunayen asaken daga bakinsa. Ki gaishe mini da mahaifiyarki.