Tambayoyi da Amsoshi: Zaɓen Rauta da Haɗa Wi-Fi a Gida

Tambaya daga Gusau: Assalamu alaikum. Mu tara ne a gida, kowa na sayen datarsa daban, kuɗin ya yi yawa. Muna so mu haɗa hannu mu sayi rauta. A kasuwa an nuna mini mai ƙaho huɗu, da mai ƙaho biyu, da 'yar ƙarama ta aljihu. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar ƙirga ƙahonni tukuna, ka fara da wannan: ta ina intanet ɗin zai shigo gidan? Rauta ba ta haifar da intanet, rabawa kawai take yi. Kamar famfo ne, in babu ruwa a tanki ko na zinare ka ɗaura ba zai ɗiga ba.

Rauta iri biyu ce. Akwai mai ramin sim, wadda ke jawo sabis daga turken kamfanin waya. Akwai kuma wadda ba ta da ramin sim sam, sai wata kafa a baya da aka rubuta WAN, inda ake soka igiyar intanet da ta fito daga faiba ko wata na'urar. Mutane da dama suna ɗauko ta biyun saboda ta fi kyan gani kuma ta fi araha, sai an je gida a yi ta juya ta ana neman inda za a sa sim. Idan ba a ja faiba zuwa unguwarku ba, kuma ba Starlink za ku sa ba, wanda shi da rautarsa yake zuwa, to mai sim ce taku. Ka sa mai shago ya nuna maka ramin da idonka.

'Yar aljihun, wato MiFi, ta matafiyi ce. Eriyarta ƙarama ce, ba ta jure mutane da yawa a lokaci guda, kuma in aka bar ta a jone dare da rana batirin kan kumbura har ya ɗaga murfin. Gida mai mutum tara sai ta girke.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka gwada layuka. Ka ari sim na MTN, Airtel da Glo, ka sa a waya ɗaya, ka tsaya a ɗakin da za a ajiye rautar, ka buɗe fast.com ka ga abin da kowanne ya ba ka. Ka yi gwajin bayan Isha'i, lokacin da kowa ya hau layi, domin gudun ƙarfe shida na safe yaudara ne. Layin da ya fi a gidanka shi ne naka, ko da maƙwabcinka na can bayan layi ya rantse da wani. Rautar da kamfanin layi ke sayarwa ta fi sauƙin kuɗi amma yawanci a kulle take, ba ta karɓar sim ɗin kowa sai nasu. Buɗaɗɗiya ta fi tsada, amma ranar da sabis ya lalace sai ka canza sim kawai. In buɗaɗɗiya za ka saya, duba kwalin ka tabbata tana ɗaukar zangunan 4G masu lamba 3, 7, 20 da 28, don su ake yawan amfani da su a nan. Ka kuma nemi inda aka rubuta Cat 4 ko Cat 6: ta farko iyakarta megabit 150 a daƙiƙa, ta biyu 300, kuma tana iya haɗa zango biyu a lokaci guda, abin da ke taimakawa sosai in layi ya cunkushe.

Batun 5G kuwa, MTN ya fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo a 2023, amma bai game ko'ina ba. In waya mai 5G ba ta nuna alamarsa a ƙofar gidanka, kada ka biya kuɗinsa.

Tambaya daga Kaduna: An sa mana faiba, mai haɗawa ya ce in sayi rauta ta biyu mai kyau. Ina ganin N300, AC1200, AX1800 a jikin kwalaye. Mene ne bambancinsu?

Amsa: Haruffan suna nuna zamanin fasahar ne. N shi ne Wi-Fi 4, na 2009. AC shi ne Wi-Fi 5. AX shi ne Wi-Fi 6, wanda ya fi iya kula da na'urori da yawa a tare. Lambar kuwa lissafin 'yan kasuwa ce: AC1200 na nufin 300 a zangon 2.4 GHz da 867 a zangon 5 GHz, aka tara aka cike. Babu wayar da za ta taɓa ganin 1200, domin zango ɗaya take hawa a lokaci guda.

N300 zango ɗaya gare ta, ka wuce ta. AC1200 ta ishi yawancin gidaje. Abin da ya fi lambar muhimmanci, kuma masu shago ba sa faɗa, shi ne kafofin baya. Wasu AC1200 masu araha kafarsu 10/100 ce, wato komai gudun da ka biya ba zai wuce megabit 100 ba. Ka nemi wadda aka rubuta Gigabit. Sannan ka riƙe wannan lissafi: megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya. Wanda ya biya 40 ya ga fayil na sauka da 5 a daƙiƙa, ba a cuce shi ba.

Tambaya daga Zariya: Na sayi rauta, na kunna, tana aiki da kalmar sirrin da ke ƙarƙashinta. Akwai wani abin da ya rage?

Amsa: Akwai, kuma bai fi aikin minti goma ba. Ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin rautar. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. In shafin ya ƙi buɗewa, kashe datar wayar, wani lokaci ita ce ke karkatar da ita.

Kalmar sirri biyu ce, kuma nan ne ake rikicewa. Ɗaya ta shiga Wi-Fi ce, ɗaya ta shiga wannan shafi na saiti. Ta biyun a na'urori da yawa "admin" ce kawai, kuma duk yaron da ke kan layinka zai iya shiga da ita ya ga komai ya canza komai. Ita za ka fara canzawa. Daga nan ka je inda aka rubuta Wireless ko WLAN, ka canza sunan Wi-Fi ɗin zuwa wanda ba ya nuna gidan wa ne, ka zaɓi tsaro WPA2, ko WPA2/WPA3 in akwai. WEP ya daɗe da karyewa, kada ka kusance shi. Kalmar sirri ba ta karɓuwa ƙasa da harafi takwas, amma ka kai sha biyu ko fiye, kuma kada ta zama lambar wayarka ko sunan ɗan autanka. Da ka danna adanawa wayarka za ta fita daga layin. Ba lalacewa ba ce, ka sake shiga da sabuwar.

Ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ta danna maɓalli ko sa lamba ba tare da kalmar sirri ba. An gano raunin lambarsa tun 2011. Ka duba wajen sabunta manhajar rautar, in akwai sabuwa ka sa, amma sai kana da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba, domin in ta yanke a tsakiyar aikin na'urar na iya mutuwa gaba ɗaya. In mai sim ce kuma fitilar sabis na ci amma shafi ba ya buɗewa, duba APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin layi da ake rubutawa a shafin saiti: na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo gloflat. In ka manta kalmar shiga saiti, akwai ɗan rami a baya da aka rubuta Reset. Ka danna da tsinke na kamar daƙiƙa goma tana kunne, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Tambaya daga Katsina: Gidanmu babba ne, sashe uku da tsakar gida. Rautar na falon maigida. A ɗakina sanda ɗaya nake gani, a kicin babu sam. Shin in sayi mai ƙaho shida?

Amsa: Hajiya, ƙaho shida ba zai fasa bango ba. Ko da rautar ta iya kai muryarta ɗakinki, ita ma wayarki sai ta mayar da amsa ta cikin bangon nan, kuma eriyar waya 'yar mitsitsiya ce. Shi ya sa za ki ga sanda biyu amma hoto ya ƙi buɗewa.

Gininmu ba ya wasa da Wi-Fi. Bulon siminti na inci tara yana cin sigina sosai, katangar ƙasa mai kauri haka, dekin mai rodi ya fi su duka, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi kuma mayar da ita baya suke yi. Tankin ruwa, firij da babban madubi su ma suna tarewa. Bango biyu na bulo tsakaninki da rauta, zangon 5 GHz ya kusa ƙarewa. Na 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi jinkiri da cunkoso. Don haka na kusa su hau 5, na nesa su hau 2.4.

Ki fara da abin da ba ya cin kuɗi. A fito da ita daga bayan talabijin ko cikin durowa, a ɗaga ta sama da kan mutum, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gidan, ko baranda mai kallon tsakar gida inda rana da ruwa ba sa kaiwa. Sigina ta fi son bi ta taga da ƙofa a buɗe. Ƙahonnin a tsaye, domin ta gefensu suke watsawa, ba ta tsini ba. Mutane kan nuna tsinin zuwa ɗakin da suke so, wanda shi ne ɓangaren da ya fi rauni.

Rauta mai sim tana da buƙata biyu masu karo da juna: tana son taga don ta ji turke, tana son tsakiya don ta raba. A shafin saiti akwai lambar da ake kira RSRP, mai nuna ƙarfin siginar turke. Kusan -80 mai kyau ce, in ta gangara zuwa -110 ta yi rauni. A zaga da ita taga-taga har a sami mafi kyau, a bar ta nan, sannan a warware rabon da wata hanya.

Hanyar da ta fi inganci ita ce igiya. A ja Cat5e ko Cat6 daga kafar bayan rautar farko da aka rubuta LAN zuwa sashenki, tana iya kai mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba, a sa rauta ta biyu mai sauƙin kuɗi a can a yanayin Access Point, wato ta watsa intanet ɗin ta farko kawai. In ba ta da wannan zaɓi, a kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, a ba ta adireshi daban da na farko amma a jeri ɗaya, misali 192.168.8.2 in na farko 192.168.8.1 ne, a soka igiyar a kafar LAN ba WAN ba. In aka bar su biyun suna raba adireshi, wayoyi za su riƙa haɗuwa amma babu intanet. A sayi igiyar jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da ke da alminiyam a ciki an shafa mata jan ƙarfe a sama, tana karyewa kuma ba ta kai nisa. In za ta bi waje a zura ta cikin bututu saboda rana da ɓeraye. A ba rautocin suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, a raba musu tasha: a zangon 2.4, tashoshi 1, 6 da 11 ne kawai ba sa taka juna.

'Yar na'urar nan da ake sokawa a soket don ƙara nisan sigina tana aiki, amma yawanci tana raba gudun biyu, kuma in aka sa ta a ɗakin da babu sigina ba abin da za ta maimaita. Tsakiyar hanya ake sa ta.

Tambaya daga Maraɗi: Datar wata ɗaya tana ƙarewa cikin kwana goma. Ina zargin samarin da ke zama a dakalin ƙofar gida.

Amsa: Zai yiwu, amma ka duba kafin ka zargi kowa. Shafin saiti na nuna jerin na'urorin da ke haɗe, ka ƙirga ka gwada da na gidanka. In akwai baƙi, canza kalmar sirri ya fi toshe su ɗaya bayan ɗaya, domin wayoyin yanzu na iya canza lambar shaidarsu su dawo. Ka kuma sani tun daga Android 10 duk wanda ke kan layi zai iya nuna wa abokinsa lambar QR ya shiga ba tare da an faɗi kalmar ba. Ɓoye sunan Wi-Fi ba ya hana wannan. Ka buɗe layin baƙi daban, wato Guest Network, wanda za ka iya kashewa da dare.

Sau da yawa ɓarawon na cikin gida. Waya na ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin kyauta, sai ta shiga sabunta manhajoji, ta tura hotuna ma'ajiyar Google, ta sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp. Talabijin ya fi kowa ci: Netflix da kansa ya ce awa ɗaya ta hoto mai tsabta na iya kai gigabait 3, ta 4K kuma 7. A kowace waya da kwamfuta ka shiga saitin Wi-Fi ɗin ka mai da shi "metered", wato layi mai ƙayyadaddiyar data, ka rage ingancin YouTube zuwa 480p, ka sa iyakar data a rautar in tana da wurin.

Tambaya daga Sakkwato: Da an ɗauke wuta sai intanet ya tafi, kuma da rana rautar na kashe kanta tana kunnawa.

Amsa: Rauta ba ta da ci, yawanci ba ta wuce wat 5 zuwa 12 ba. Akwai ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa don ita, yana fitar da bolt 9 ko 12, yana riƙe ta awanni. Ka karanta jikin cajarta: bolt ɗin dole ya zo daidai, amfiya kuma ta kai ko ta fi, bakin ma ya dace. Bolt 12 a na'urar bolt 9 ƙonewa ne.

Kashe kai da rana kuwa abu biyu ke jawo shi. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a Sakkwato watan Afrilu ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ya wuce haka. Ka cire mayafin da aka rufa mata saboda ƙura, ka sauke ta daga kan dikoda ko inbata, ka busa ramukanta bayan hunturu. In ta ci gaba, zargi cajar: wadda ta gaji tana kasa ba da wuta daidai lokacin da mutane suka hau layi da yawa. Ka gwada wata mai lamba iri ɗaya kafin ka sayi sabuwar rauta. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a zare cajar da doguwar igiyar da ta ratsa tsakar gida, domin ta nan wutar ke bi ta ƙone kafofin.