Tambayi Bakanike: Sabon Ɗaurin Inji, Sanyin Ngaundere Da Man Sintetik

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Daga Ngaundere ta ƙasar Kamaru nake rubuto maka. Ina da BMW 325i ƙirar 1994, mai silinda shida, wadda na daɗe ina tara mata kuɗi. Watan jiya aka sauke injin gaba ɗaya, aka sa sababbin fistin da ringi, aka gurza karanshaf aka sa masa metal, wato shimfiɗar ƙarfen da yake juyawa a kai, aka kuma sa kamshaf mai ƙara ƙarfi. Na yi kilomita kamar 300 da shi. Wanda ya ɗaura injin ya zuba mini 20W-50. Yanzu da hunturu ya shigo, in na tayar da motar bayan sallar asuba sai in ji ƙas-ƙas-ƙas a saman injin na ɗan lokaci, jar fitilar mai kuma takan ɗan jinkirta kafin ta mutu. Yayana da ke Jamus ya ce in juye shi yau in zuba sintetik 0W-20, wai shi ne man sanyi. Bakanikena kuwa ya ce sintetik ruwa ne, zai tsiyaye ta ko'ina. Baba, wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya, amma kada ka bi ko ɗaya yadda ya faɗa. Sintetik za ka koma, sai dai ba yau ba, kuma ba 0W-20 ba.

Mu fara da lambobin da ke jikin galan, don a nan yawancin gardamar gareji take tasowa. Lambar farko, mai harafin W, ita ke faɗin yadda man yake gudu cikin sanyi. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ce ta tsara ma'aunin: ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, 20W kuma a 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu, 20 ko 40 ko 50, kaurin man ne idan ya yi zafi, kuma a digiri 100 ake auna ta. To ka ga yayanka yana magana ne da sanyin Jamus, inda ruwa ke zama dutse a cikin lagireto. Ngaundere tana kan tudu, wajen mita 1,100 sama da teku, kuma na san asubahinta a Disamba da Janairu, na sha kwana a can na farka hannu ba ya iya riƙe sifana. Amma sanyin nan kan tsaya ne a wajen digiri 10 sama da sifili. Ba wanda ke bukatar 0W saboda shi, sai fa in aiki ya kai mutum duwatsun Tibesti a arewacin Cadi, inda dare kan sa ruwa ya daskare da gaske.

Wannan bai wanke 20W-50 ba. Ka taɓa ganin yadda man shanu ke sandarewa a ƙwarya da safiyar hunturu? Baƙin mai bai kai haka ba, amma hanyar ɗaya ce. Ko a digiri 40, kaurin 20W-50 ya kusa ninka na 5W-40, kuma duk yadda sanyi ya ƙaru ratar tana ƙara buɗewa. Injinka yana da bawul 24, kowanne da tafet, ɗan ƙarfen da ke tsakaninsa da kamshaf, mai cika kansa da mai. In motar ta kwana, man ya sauka kasko, da asuba sai famfo ya turo shi ta ƙananan hanyoyi har can sama. Mai kauri yana ɗaukar lokaci, kuma kafin ya iso tafet na bugawa fanko. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji ke nan. Ƙirar 1994 kuma tana da VANOS, na'urar da ke juya lokacin kamshaf, ita ma da matsin mai take aiki. Irin wannan inji ba Fijo 504 ba ce, wadda muka tashi muna ɗura mata 20W-50 tana godiya.

Me ya sa na ce ba yau ba? Saboda kilomita 300 kawai ka yi, ringinka bai gama zama ba. Idan aka gyara cikin silinda, ana barin wasu siraran zane masu giciye da juna a bangonta. Da gangan ake yi. Sabon ringi sai ya goga da wannan zanen, su ci juna kaɗan kaɗan, har su dace kamar murfi da tukunyarsa. Shi ne abin da muke kira rodaj a garejojin nan. Wani zai ce maka ai Porsche da Corvette da sintetik suke fitowa daga masana'anta, kuma gaskiya ya faɗa. Amma injinan da suke goge silinda da su a can suna fitar da bango mai laushin da ringi ke zama kusan nan take. Aikin hannun da ake mana a nan, komai ƙwarewar mai yi, bai kai wannan laushin ba, yana bukatar lokaci. Ga kuma lissafin aljihu: man rodaj sau biyu za ka zubar da shi cikin ɗan lokaci, yana ɗauke da garin ƙarfe. Injinka lita 6.5 yake sha. Ba dalilin zubar da lita 13 na mai mai tsada a kwata.

Ga yadda nake yi da duk injin da ya fita daga hannuna a nan Garwa. Juye 20W-50 ɗin nan yanzu, ka canza filta, ka zuba man mineral mai kyau, 10W-40 ko 15W-40. Ka tsaya da kanka a lokacin juyen, ka karɓi tsohon man a kwano mai tsabta ka kai shi rana. Ɗan ƙyalƙyali kamar garin kwalli ba abin tsoro ba ne a juyen farko. Amma in ka ga ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe wanda yatsa ke iya ji, kada ka sake tayar da motar, metal ne ke cinyewa. In komai lafiya, ka yi tafiya har kilomita 1,000, ka sake juyewa. A wajen 2,000, in hayaƙi ba ya fita shuɗi kuma gejin mai ba ya sauka, to ka koma sintetik.

Zan ɗan tsaya a kan yadda ake tuƙin rodaj, don a nan na ga an fi kashe injina. Shekarun baya na ɗaura wa wani saurayi inji, na kwana uku a kansa. Don tsananin son da yake yi wa motar, sai ya riƙa tayar da ita a ƙofar gida kowace safiya ya bar ta a sulo awa biyu, har mako guda, wai yana lallaɓa ta. Da ya dawo tana hayaƙi muka buɗe, sai ga bangon silinda yana sheƙi kamar madubi, ringi bai kama komai ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, don da na zaunar da shi na yi masa bayani kafin ya tafi da ba mu sake sauke injin ba. Ringi da matsin wuta yake zama, matsin da ke tura shi jikin bango idan inji na jan kaya. Saboda haka ka hau titi. Ka taka totur zuwa rabi ko fiye kaɗan a giya ta uku, ka ɗaga ƙafa ka bar injin ya riƙe motar, ka sake. Kada allurar juyin inji ta wuce 4,000, kada kuma ka sa babbar giya kana jan ciki a hawa. Kada ka tsaya a gudu ɗaya na tsawon lokaci. Hawa da gangaren da ke kewaye da garinku sun fi shimfiɗaɗɗen titinmu dacewa da wannan aikin.

Idan lokacin sintetik ya yi, abin da zan zuba da motata ce shi ne 5W-40, cikakken sintetik, wanda aka rubuta ACEA A3/B4, ma'aunin ingancin mai na Turai, a bayan galan. In ka samu mai ɗauke da amincewar BMW Longlife-01, ya fi. Biyar ɗin farko ta ishe ka asubahin Ngaundere har da saura. Arba'in ɗin kuwa don ranar da za ka gangaro mana ne. Daga garinku zuwa Garwa bai kai kilomita 300 ba, amma kana sauka daga dutsen nan ka shigo kwarin Binuwai, a watan Maris ko Afrilu, digiri 40 ne ke jiranka a inuwa. Mai 0W-20 an yi shi ne don sababbin injinan da aka ƙera domin tsimin fetur. A injinka, cikin wannan zafin kuma da ƙafa mai nauyi, zai yi tsinke a tsakanin karanshaf da metal. Alamar A3/B4 tana nufin an gwada man a digiri 150 ana murza shi da ƙarfi, kaurinsa bai faɗi ƙasa da 3.5 a ma'auninsu ba. Wannan lambar ta fi mini duk wani ado da ke gaban galan. Ka kauce wa masu alamar C2 ko C3 ko Longlife-04, an yi su ne don motoci masu matatar hayaƙi da fetur mai ƙarancin farar wuta irin na Turai.

Akwai kuma maganar sabon kamshaf ɗinka. Cikin baƙin mai akwai wani sinadari na zinki da fosforas, ZDDP, wanda ke shimfiɗa kariya a inda ƙarfe ke danna ƙarfe da ƙarfi, kamar tsakanin kamshaf da tafet. Tun daga ma'aunin ingancin mai na Amurka, API SM na 2004, aka taƙaita fosforas zuwa kashi 800 cikin miliyan a siraran mayuka irin su 0W-20 da 5W-30, don yana lalata na'urar tace hayaƙi ta salansa. Wannan iyakar ba ta hau kan masu lamba 40 da 50 ba. Dalili na biyu ke nan da zai sa ka ajiye shawarar yayanka cikin girmamawa. Kada kuma ka sayi 'yan kwalaben nan na ƙari ka tsiyaya a kai, mai mai kyau an riga an daidaita haɗinsa.

Fitilar nan da ke jinkiri ita ta fi damuna a duk wasiƙarka. Daƙiƙa ɗaya ko biyu da asuba ba komai. In ta wuce haka bayan ka canza mai, ko ta riƙa ƙyaftawa a sulo idan inji ya yi zafi, to maganar ta bar hannun galan. Ka je wurin wanda ya ɗaura injin ka tambaye shi cikin ladabi: da aka gurza karanshaf, nawa ratar metal ta kasance, kuma da me ya auna? A irin injinka ratar tana tsakanin 0.02 da 0.06 na milimita, ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ya auna zai faɗa maka nan take. Sannan ku ɗaura agogon matsin mai na hannu, don fitilar ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa. Da zafi, a sulo kada ya gaza rabin bar a ma'aunin agogon, kuma ya riƙa hawa da allura har wajen bar 4. Gani ya kori ji. Wasu suna zuba 20W-50 ne don su rufe ratar da ta yi yawa. Ban ce abin da ya faru da kai ke nan ba, amma awo ne kaɗai zai raba gardamar, kuma gara a yi shi tun ana ganin juna da fara'a.

Batun tsiyaya da bakanikenka ya kawo yana da asali. Tsohon inji mai busassun robobi, datti ne ke toshe masa kafofi, sintetik kuma yana wanke datti, sai yoyo ya bayyana. Naka sababbin gasket da sil gare shi. In ya yi yoyo, ɗauri ne bai yi ba.

Abu biyu ne za su ci injin nan kafin sanyi ya taɓa shi. Na farko ƙurar hunturu. Ka duba filtar iska duk mako biyu a wannan lokacin, kada kuma a hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage, a canza ta. In an sa maka buɗaɗɗiyar filtar nan ta 'yan tsere don ƙara, cire ta ka mayar da akwatin asali. Na biyu zuwa-zuwa, fetur ɗin kwalba na bakin titi. Na san halin da ake ciki, wani lokaci shi kaɗai ake samu, amma ba ka san abin da aka gauraya masa ba, kuma a gajerun tafiye-tafiyen safiya fetur da bai ƙone ba yana zurara ta gefen ringi ya tsinka man. Shi ya sa ko da sintetik ne, ni a kilomita 5,000 nake juyewa, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. In yayanka ya ce shi sai ya yi kilomita 15,000 kafin ya juye, titinsa da fetur ɗinsa ne suka ba shi dama. Man kuma ka saye shi a gidan mai ko wurin dila sananne, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka. In an gama ka huda galan ɗin kafin ka yar, don galan mai kyau da aka tsinta a bola shi ake sake cikawa a sayar wa wani.

Da asuba kuwa, in ka tayar, jira fitila ta mutu, ka ba shi kamar minti ɗaya, ka kama hanya a hankali. Allurar ruwa takan kai tsakiya tun mai bai yi ɗumi ba, don haka ka ƙara masa minti goma kafin ka taka. Idan kun ɗaura agogon, rubuto mini lambobin biyu, na sulo da na 3,000, tare da abin da ka gani a kwanon juyen farko.