Filin Amsoshinku: In sayi dogon lens ne ko in canza kyamarar gaba ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne anan Garwa, ɗaukar hoto sha'awa ce kawai ba sana'ata bace. Inada Canon 600D da na saya okaziyo, wato ta hannu, tare da ɗan lens ɗin da take zuwa dashi, 18-55. Damuwata in naje bakin Binuwai ɗaukar dorina da tsuntsaye, ko ranar hawan salla a ƙofar Lamiɗo, sai komai ya fito ɗan mitsitsi can nesa, in na jawo hoton a waya kuma ya fashe. Na tara sefa dubu 300, abokina yace in sayar da ita in cika kuɗi in sayi 6D wai ita ce ta ƙwararru. Me ka gani? Daga mai karanta ku a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka riƙe kyamararka, karka sayar. Abokinka ba ƙarya yayi ba, 6D kyamara ce mai kyau tun da ta fito a 2012, amma ba ita ce maganin ciwonka ba, in ma ba'a yi wasa ba ƙara maka shi zatayi.

Abinda ke jawo nesa kusa lens ne, jikin kyamara baya jawo komai. Lambar nan ta 55 dake jikin lens ɗinka ita ce iyakar tsawonsa, milimita 55, kuma da wannan ko wace kyamara ka ɗaura masa dorinar dake tsakiyar ruwa ɗigo zata fito. Toh ga inda mutane da yawa basu lura ba: 600D ƙaramar sensa gareta (sensa ita ce ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), wadda ake kira APS-C, ita kuwa a Canon duk lens ɗin da ka sa mata kamar ka ninka tsawonsa da 1.6 ne. Kaga in ka sa mata mai 250, abinda zaka gani a ido daidai yake da mai 400 akan 6D. Ita 6D babbar sensa ce, 250 ɗinta 250 ne ba ƙari. Wato zaka kashe kuɗinka kaf ka koma baya a wajen jawo nesa, sannan abin haushin ɗan 18-55 ɗin naka ma bazai ɗauru akanta ba, don lens masu rubutun EF-S basa shiga manyan Canon irinsu 6D da 5D, sai ka wayi gari da kyamarar ƙwararru a jaka babu abin ɗaura mata.

Ni da nine kai, Canon EF-S 55-250 IS STM zan nema, wanda ya fito a 2013. Baida nauyi, bai kai rabin kilo ba, hotonsa yanada kaifi har ƙarshen zum ɗin, kuma yanada IS wato abinda ke rage girgizar hannu. Ka duba da kyau kaga STM a rubuce, akwai tsofaffin 55-250 guda biyu kafin shi, suna aiki amma basu kai shi ba. In baka samu ba Tamron 70-300 mai VC (sunan IS kenan a wajen Tamron) ko Canon 70-300 mai IS duk sunyi.

Akwai wanda nake so ka guje masa, kuma shine zaka fi gani a shaguna don yafi arha: Canon 75-300 III. Mai shago zai nuna maka 300 yace ai yafi 250 tsawo. Eh yafi, amma babu IS a cikinsa, kuma daga ka kai shi ƙarshe hoton sai yayi laushi, gefen fararen abubuwa yana fidda wani shuɗi-shuɗi ko shunayya, kaga kuwa hawan salla duk fararen riguna ne da rawuna cikin rana.

Sai maganar yadda zaka riƙe shi, don dogon lens ba nesa kaɗai yake jawowa ba, har rawar hannunka yake ƙarawa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shata, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kar ya gaza tsawon lens ɗin, a 250 akan kyamararka kenan 1/400 na daƙiƙa ko mafi sauri. IS zai taimaka maka in abin a tsaye yake, kamar dorina tana shan hantsi, amma IS baya tsayar da doki. Ranar hawa, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje zuwa gaban Lamiɗo, ka juya kan Tv, inda kai ke zaɓar saurin shata, ka sa 1/1000, ISO ka barshi a oto, fokas ka maida shi AI Servo mai bin abu mai motsi, da ɗigon tsakiya kaɗai, kana bin dokin da kyamara tun daga nesa kafin ka danna. 600D bata kai hoto 4 a daƙiƙa ba, gaskiya tanada sanyin jiki anan, amma mai haƙuri da ya san inda dawakai ke ja birki zai samu abinda yake so. In ka shekara kana haka kaga lallai saurin ne ke cutarka, toh a lokacin ne zamuyi maganar canza jiki, kuma ko a lokacin ma 80D ko 7D Mark II zan ce maka, mai hoto 7 da mai 10 a daƙiƙa, duk ƙaramar sensa ce, lens ɗinka zai hau ba gardama.

Abu biyu kafin in barka. Dorina ba abin wasa bace, a tudu ma tafi mutum gudu, kar neman hoto yasa ka shiga tsakaninta da ruwa ko ka matsa mata a kwalekwale, musamman mai ɗa. Sannan dogon lens yana jan idon jami'an tsaro, karka nuna shi wajen gada ko bariki ko filin jirgi, a fada kuma ka fara gaida dogarai ka nemi izini.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Inada Nikon D3200, yayana ya aiko min da lens 70-300 daga waje amma sam baya fokas, ko da hannu na murza babu abinda ke motsi, an ce min wai jabu ne. Kuma muna shirin zuwa gandun namun dajin Zakuma da iyali, wani yace in ba 150-600 gareni ba kar ma in wahalar da kaina. Daga wata 'yar'uwa a Njamena.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Kafin ki ce jabu ne ki ɗauko shi ki karanta rubutun jikinsa, inada yaƙinin zaki ga AF-P. In haka ne lens ɗin lafiyarsa ƙalau, kyamarar ce ta girme shi. Nikon ta fara fidda AF-P a 2016, ita kuwa D3200 tun 2012 take, bata san yarensa ba, kuma shi irin wannan lens ɗin ko zoben fokas na hannu da lantarki yake aiki shi yasa kika murza shiru. Yana aiki akan D3400 da D3500 da D5600, haka D3300 da D5300 in an sabunta musu manhaja. Akwai kuma wani tarkon ta ɗaya gefen, tsohon 70-300 da aka rubuta masa AF kawai ba S ba P, shi babu mota a cikinsa, jira yake kyamara ta juya shi, su kuma D3000 da D5000 da duk ƙannensu basu da wannan motar, sai dai kiyi ta murzawa da hannu. Naki na zaman lafiya shine mai AF-S, wato mai motar fokas a cikinsa, kamar 55-300 VR ko 70-300 VR (VR shine IS ɗin Nikon).

Toh yanzu zaɓi biyu ne gabanki, ko ki musanya lens ɗin da AF-S, ko ki riƙe shi ki canza jiki zuwa D3500 ko D5600 okaziyo. Anan kam zan karya abinda na faɗa wa ɗan'uwanmu na Garwa, in dai lens ɗin mai VR ne ki riƙe shi, fokas ɗinsa yanada sauri kuma baya ƙara, ki sayar da D3200 ki cika. In babu VR a jikinsa, don akwai irin wannan, shi zaki rabu dashi.

Maganar 150-600 kuwa, mai faɗar bai ɗauke shi ya yini dashi ba ina ga. Na Sigma da na Tamron duk kusan kilo 2 ne kowanne, banda kyamara, kuma masu bin ƙananan tsuntsaye ne suka fi buƙatarsa. A Zakuma cikin mota ake yawo tare da jagora, kuma a ƙarshen rani dabbobin na taruwa a bakin ragowar tafkuna, giwa da ɓauna da raƙumin dawa manyan halittu ne, 300 akan ƙaramar sensar Nikon daidai yake da 450, ya isheki, wani lokacin ma sai kin rage zum in garke ya matso. Ga gauraki da jan-baki da suke taruwa dubbai, su kuma ai yawansu ne abin ɗauka ba ƙwayar idon guda ɗaya ba.

Kuma akwai abinda masu sharhin kayan hoto a Turai basa faɗa don ba matsalarsu bace, zafin ƙasarmu. A watan Maris da Afirilu da zafi ke haura 40, daga hantsi ya ɗaga ƙasa zata fara fidda tururi, iska tana rawa, kawalwalniya ta ko'ina. Duk abinda ke nesa ta cikin wannan iskar zaki ɗauke shi, kuma iya tsawon lens iya yadda yake ƙara girman rawar, sai kiga hoton mai lens na miliyoyi ya fito a narke yana ta zargin kayansa. Maganin kawai sammako, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar, da roƙon direba ya ɗan matsa in jagora ya yarda. Ki ce masa ya kashe inji in zaki ɗauka, karkarwar mota na ɓata hoto. Ki kuma ɗinka 'yar jaka ki cika ta da gero ko shinkafa kamar kilo ɗaya ki ɗora a tagar mota ki kwantar da lens akai, a cikin mota tafi ƙafa-uku amfani nesa ba kusa ba. Batiri biyu aƙalla, katin ajiya biyu, da mayafi na rufe kyamara saboda ƙurar hanya.

TAMBAYA: Malam, hotunana duk suna fitowa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sararin sama, wuri ɗaya kullum. Wani mai studiyo yace kyamarar ta gaji in kawo ya saya in sayi sabuwa mara madubi. Daga ɗalibi a Marwa.

AMSA: Ƙanena kar ka sayar masa, ƙura ce ta hau sensa, kuma wanda ya ratsa hunturun Marwa yana canza lens a waje dole ya gamu da ita. Ka gwada: sa f/22, wato ka tsuke ƙofar hasken lens, ka ɗauki farin bango ko sama, zaka gansu ɓaro-ɓaro, ka koma f/4 kaga sun kusa ɓacewa. Ka nemi ɗan famfon iska na roba, ka cika batiri, ka shiga menu wajen tsaftace sensa da hannu, ka kifa bakin kyamarar ƙasa ka fesa. Banda hurawa da baki, banda audugar kunne, banda bakin riga. Wanda ya ƙi fita sai mai gyaran da ya san aikin. Nan gaba in zaka canza lens ka kashe kyamarar, ka shiga ɗaki ko mota, ka gama cikin sauri.

Su marasa madubin, wato sababbin da babu madubi tsakanin lens da sensa, ba laifi, Canon R10 ta 2022 misali tana gane idon mutum da na dabba tana binsa da kanta, tana harba 15 a daƙiƙa, kuma da adafta tsofaffin lens na EF da EF-S suna aiki akanta sumul, haka Nikon Z da adaftar FTZ ga masu AF-S da AF-P. In kana ɗaukar ƙwallo da dare irin wasannin ƙungiyar Coton Sport a filin Roumdé Adjia na Garwa, nan ne sabon jiki ke nuna bambanci. Amma don gudun ƙura kam ba can zaka je ba, da yawansu daga ka cire lens sensar a buɗe take tsirara babu madubin da zai tare mata, ga shan batiri fiye da tsofaffin, mu kuwa mun san yadda wuta take mana a watannin zafi.

Masu shirin sayen okaziyo a cikinku, ku je da kyamararku da katinku a gwada a gabanku. A cire murfin gaba da na baya a haska fitilar waya ta cikin lens, 'yar ƙura ba komai bace, amma in kunga wani zare-zare fari kamar saƙar gizo-gizo toh fumfuna ce, ku ajiye masa kayansa, kayan da suka daɗe a Duwala ko wani gari mai laima sun fi kamuwa da ita. A murza zum daga farko har ƙarshe a ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi, a ɗauki hoto a ƙarshen zum a buɗe shi a kwamfuta ba a ɗan allon kyamara ba. Jikin kyamara kuma a tambayi sau nawa shata ta harba, ƙananan irinsu D3200 an yi su ne da lissafin wajen dubu 100, in ta kusa nan sai a rage kuɗi sosai. Na Nikon lambar na ɓoye cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da ke karanto ta kyauta, na Canon kuwa yawanci sai an jona ta da kwamfuta.

Masu tambaya akan filasha da hoton biki cikin dare, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.