Ga mai tambayar Elmina: ka je, amma ka kwana

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce za ka raka motar albasa zuwa Akara, kana da kwana uku a hannu, kana tambaya ko Elmina, garin masunta da ke bakin teku a Gana, ta kai a kashe mata kuɗin mota. Ta kai. Amma in da hantsi za ka isa ka juyo da la'asar, gara ka yi zamanka a Akara. Elmina da asuba ake ganinta.

Daga Akara wajen kilomita 150 ne zuwa Kef Kos, Elmina tana ɗan gaba kaɗan. Ka canja sefarka zuwa sidi tun a Akara, katin allurar shawara kuma kada ya bar aljihunka. Kana sauka ka tambayi zango. Kamar unguwarmu ta Zango nan Damagaram, mazaunin baƙi ne, akwai masallaci, kuma za ka samu mai jin Hausa da zai nuna maka masauki.

In an sallame sallar asuba ka nufi gadar da ke kan ruwan Benya, ka tsaya. Nan kwale-kwalen masunta suke shigowa daga teku, manya-manya, an shafe su da fenti kala-kala, kowane da tutarsa. Mata na jira da kwanoni, ana ciniki da ƙarfi, hayaƙin bandar kifi ya rufe bakin ruwa. Ni da na tashi a Birni muna jiran mai ga-ruwa da sassafe, na fi awa ɗaya a gadar nan ban ce uffan ba. Ruwa iya ganinka, kuma ko kurɓi ɗaya ba ya shayuwa. Sai dai ka kiyaye Talata, ranar masunta ba sa fita teku, za ka tarar da jiragen a ɗaure.

Daga nan ka shiga ganuwar Turawa. Mutanen Fotugal suka gina ta a 1482 don cinikin zinariya, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Ka biya ka bi ɗan rakiya, kada ka yi rowar wannan kuɗin. Zai kai ka kurkukun da aka tsare bayi, ɗakuna masu duhu da ƙarancin iska, da 'yar ƙofar da ake fitar da su ɗaya-ɗaya zuwa jirgi. A tsakar gidan kuma ga coci. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wasu daga cikin mutanen nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, inda fatakenmu suke zuwa sayen goro. Na fito jikina a sanyaye, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Shinkafa da wakenmu ce suke kira wace, ga koko da ƙosai da safe, ga kifi ɗanye da gasasshe.

Roƙona ɗaya, don Allah kada ka shiga tekun. Ba irin tafkin damina ba ne da muka yi iyo muna yara, igiyar ruwan tana ja ta ƙasa. Ka tsoma ƙafa iya idon sawu ya isa. Hoto kuma, ka nemi izinin matan kasuwar kifi kafin ka ɗaga wayarka, da yawansu ba sa so.