Ana gane mawaƙi mai neman jinsi daga waƙarsa?

Ka tambaya ko mutum zai iya gane mawaƙin Turawa mai neman maza ne daga jin waƙarsa kawai. Gaskiya yawanci ba za ka gane ba, sai dai in shi ya ga dama ya nuna. Da yawansu sun daɗe suna waƙar soyayya ba tare da fayyace mace ce ko namiji ake yi wa waƙar ba, kamar George Michael wanda sai a 1998 ya fito ya faɗa bayan 'yan sanda sun kama shi a Amurka. Elton John ma ai Bernie Taupin ne ke rubuta masa baitoci, to ina za ka gane? Na yanzu ne suka fi fitowa ƙarara, Lil Nas X ya bayyana kansa a 2019 lokacin waƙarsa Old Town Road na tashe, a 2021 kuma ya saki bidiyon Montero wanda ya tada ƙura sosai, har a Amurkan ma an yi ta cacar baki a kai.

Dalilin rashin ganewar kuwa harshen Turanci ne ke rufa musu asiri, kalmar "you" ɗinsu ba ta da jinsi. Na taɓa zama zan fassara wa wani abokina wata waƙar Sam Smith, layin farko na tsaya cak, don a Hausa dole ka zaɓa, ko "ina son ki" ko "ina son ka", babu tsaka-tsaki. Shi ya sa in kana son ganewa bidiyon za ka duba ko hirarrakinsu, ko ka saurara ka ji in ya ce "shi" a inda ka zata zai ce "ita".