Tambaya da Amsa: Tsofaffin jaridunmu na rududdugewa, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a ɗakin karatu na jama'a, muna da tsofaffin jaridu cike da kwalaye a sito, duk sun yi ja, da ka taɓa gefe sai ya karye. Shugabanmu ya ce a yi sikanin ɗinsu a zuba a kwamfuta sannan a zubar da takardun don a samu wuri. Dan Allah ta ina za mu fara, kuma zubarwar ta dace? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malama. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ta fi tsaya min a rai, kar ku zubar, ko da an gama sikanin ɗin. An taɓa yin wannan kuskuren ai, tun daga shekarun 1930 da aka fara ɗaukar jaridu a maikurofim, wato ɗaukar hoton shafuka ƙanana-ƙanana a kan fim, ɗakunan karatu da yawa suka rabu da na asalin, sai daga baya aka tarar wani shafin ya fito dishi-dishi, wani an tsallake shi gaba ɗaya, ga shi launuka duk sun tafi tunda baƙi da fari ne, kuma babu inda za a koma a sake ɗauka.

Jan da kike gani ba laifinku ba ne. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 da itace ake yin takardar jarida, akwai wani sinadari a cikinsa mai suna lignin, ga kuma asid, su ne suke cin takardar, zafi da laima da hasken rana kuma suna ƙara musu gudu. Don haka ku ɗaga kwalayen daga ƙasa, ku shimfiɗa jaridun a kwance, kar a liƙa salatif, kar kuma wani ya ce a yi musu laminatin, wannan kashe su ne kawai.

Wajen ɗauka kar ku kuskura ku sa su a sikana mai jan takarda da kanta, za ta yayyage su. Kyamara daga sama ta fi, a kafe ta wuri guda da haske ta gefe biyu. Kar a yi ƙasa da dpi 300, wato ma'aunin yawan ɗigon hoto a kowane inci, in rubutun ƙanana ne a kai 400. Babban kwafi a ajiye shi a TIFF, wani nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci, a fitar wa masu karatu PDF mara nauyi.

Amma fa inda mutane suke faɗuwa shi ne suna. Hoto dubu goma da ba a san ranar kowanne ba ai tsibi kika sake tarawa, sai dai wannan karon a cikin kwamfuta. Kowane fayil ya ɗauki sunan jarida, shekara, wata, rana da lambar shafi, misali 1974-03-15 shafi na 2, kuma a ɗauki komai har tallace-tallace da sanarwar rasuwa, wallahi su masu neman tarihin danginsu suka fi nema, ba kanun labarai ba. Sai manhajar OCR mai mai da hoto rubutun da za a iya bincika, tana kuskure sosai a tsohon bugu, balle haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ. A Ostireliya, shafin Trove na babban ɗakin karatun ƙasar barin masu karatu ya yi suna gyara kurakuran da kansu, kuma sun gyara miliyoyin layuka a kyauta.

Kwafi uku za ku ajiye, ɗaya ba a cikin gininku ba, don hard disk, ma'ajiyar kwamfuta, yana mutuwa ba sallama. Kafin ku sa a intanet ku binciki haƙƙin mallaka, musamman in kamfanin jaridar yana raye. In kuɗi ne matsalar, British Library, babban ɗakin karatun Birtaniya, tana da shirin ceto tsofaffin takardu mai suna Endangered Archives Programme tun 2004 da ke ba da tallafin irin wannan aiki, ki duba sharuɗɗansu. Shi kuma shugaban naku ki nuna masa wannan shafin, sannan ku fara da kwalin da ya fi lalacewa.